Ƙari Biyu a Ƙota

Asabar ce, busasshen ganye ya rufe hanya,
na tsai da mota a gindin rumbun Ardith Coombs,
can arewacin Vermont, inda sanyi ke yin sammako.
Kayan gida duk an fito da su gwanjo:
fitilu, tukwanen ƙarfe, keken ɗinki mai gurguwar ƙafa.
Bayan buhun dankali na hango ta a jingine,
'yar bindigar yara, ko sandar tsohuwa ta fi ta tsawo.

Shekara arba'in ina wannan sana'a,
ban taɓa sayen abu don kyan fuskarsa ba.
Na buɗe ta, na tabbata cikinta wayam.
Harsashi ɗaya take ci, shi ma ɗan mitsitsi,
irin na koya wa yaro haƙuri:
in ka kuskure, kurege ya sha, sai ka sake lale.

Na kara farar takarda a gindin bututu,
na leƙa ta baki, rana na taya ni.
Zanen ciki bai shafe ba,
sai dai tsatsa ta yi masa zanzana kusa da baki.
Na girgiza ta a kunne, ba ta amsa ba. Madalla.
Kunama tana da tauri, amma ba ta yi gardama ba.
Lambar da maƙera suka buga ta dushe,
sai da na canja tabarau na karanto rabinta.

Sannan na juya ƙota, gwiwata ta yi sanyi.
An yanke ta da zarto, an rage mata inci uku.
Daga baya aka mayar da inci guda da farin katako,
aka sake ƙara wani, ja, da ƙusoshi ba iri ɗaya ba.
Mu 'yan kasuwa mun san hukuncin wannan:
rabin kuɗi ya tafi.

Takardar da ke rataye ta ce dala ɗari da sittin.
Na haɗa casa'in a bakina, ina shirin tayawa.

"Ta Orrin ce, wana," in ji ta,
ba ta ma ɗago daga ƙirgar cokula ba.
"Yana da shekara bakwai Baba ya yanke ta,
don hannunsa bai kai kunama ba.
Farin, yana tara. Jan, yana sha ɗaya.
Gwangwanaye sun sha wuya a kan shingen can,
zomo kuwa, ko ɗaya bai taɓa kawo mana ba."

Ta sa hannu a aljihun rigar aiki,
ta fiddo wani guntu, ta ɗora a kan tebur.
An goge shi sumul, an huda shi wuri biyu,
ramukan fes, ƙusa ba ta taɓa shiga ba.
"Wannan na sha uku ne.
A watan Maris ƙanƙarar kogi ba ta da amana."
Ta koma kan cokulanta. Sha bakwai, sha takwas.

Na haɗiye casa'in ɗina.
Ɗari da sittin na ƙirga mata, ta sake ƙirgawa,
ta naɗe guntun a jarida ta ce kyauta ne.

Yanzu tana rataye a shagona, sama da agogo.
Mutum uku sun taya, na ce ba ta sayarwa ba ce.
Sukurudireba na nan, ƙusoshi na nan,
aikin bai fi minti biyar ba.
Jiya ma na ɗauki guntun na kara a mazauninsa,
ya zauna daram, kamar jiya aka auna.
Na daɗe riƙe da shi a haka,
har wani ya turo ƙofa yana tambayar man goge ƙarfe.
Na mai da shi cikin jarida.